Nakti Mai Zanen Agwagi

Mijina Nakti ya yi shekara ashirin yana zane a bangon ɗakunan ibada na birnin Waset. Sai an ja layuka tukun, kafaɗa da gurbinta, hanci da awonsa. Haka ubansa ya koya masa.

Da sarki ya ce daga yau ba abin bauta sai rana, aka kwashi masu sana'a da iyalansu a jirgin ruwa zuwa sabon birninsa, Aketaten. Muka tarar da yashi da duwatsu, ko inuwar da akuya za ta fake babu. Ni dai gunkin uwata na tura shi cikin tulun sha'ir, Nakti ya yi kamar bai gani ba.

Shugaban masu zane ya nuna masa daɓen wani ɗaki a fada, ya ce, "Agwagi nake so, suna tashi daga cikin ciyawar kogi. Ban da layi, ban da awo."

Nakti ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ya ce, "Henut, agwagwa nawa na zana a rayuwata, amma ban taɓa tsayawa na kalli ɗaya ba."

Na ce, "Ai ba ƙaura suka yi ba, maigida. Suna bakin ruwa suna jiranka."

Kwana tara yana tsugune cikin laka. Masunta na ta yi masa tsiya: "Baba, yaushe za ka ƙyanƙyashe?" Shi ko a jikinsa. Ranar da ya gama zanen daɓen, masu shara suka riƙa raɓawa ta gefe, suna jin nauyin taka tsuntsayen.

Bayan shekara goma sha biyu sarki ya rasu, birnin ya watse, har ƙofofi mutane suka ciccire. Muka koma Waset. Abokan aikin Nakti na da suka ce hannunsa ya lalace, suka hana shi bango. Abin ya yi masa ciwo, ya yi wata guda ba ya fita. Daga nan ya je wurin maƙwabcinmu maginin tukwane, ya roƙi tulu ɗaya, ya zana ɗan maraƙi yana tsalle. Kafin faɗuwar rana mata uku na faɗa a kan tulun.

Yanzu idonsa ya yi rauni, 'yarmu Tiya ce ke zanen. Shi kuwa yana zaune kusa da ita, kullum suna musu a kan shuɗin ya yi yawa ko bai yi ba.