Malam Ashiru da Tsanin Digiri Talatin

Malam Ashiru mutumin Malisa ne, can ƙasar Gwandu, amma a Kalgo ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a wata sakandare. Ajina na Hausa yana jikin nasa, don haka dole na haddace karatunsa ta tagar da ba ta da marfi. Kullum maganarsa ɗaya ce: kusurwa ana auna ta da digiri ko da radiyan, digiri ɗari da tamanin shi ne fai, lambar nan ta lissafin da'ira, a radiyan, kuma kafin ka danna kalkuleta ka duba a wanne take. Yara har kwaikwayon muryarsa suke yi.

A cikinsu Surayya kaɗai yake sa rai da ita, 'yar wani masunci. Yakan ce idan yarinyar nan ta tsaya da ƙafarta a jarrabawar fita, to bai yi wahalar banza ba.

Ranar jarrabawar lissafi, masu makarantar suka yi abin da suka saba. Suka tura Malam Ashiru ofis, suka shigo da wani gaye mai ƙamshin turare ya rubuta wa yara amsa a allo. Wai taimako. Tambayar mai sauƙi ce: tsani mai mita goma an jingina shi da bango a digiri talatin daga ƙasa, ina ya kai a bangon? A lissafin kusurwa, sain ɗin digiri talatin rabi ne, amsa mita biyar. Gayen bai duba ba, kalkuletarsa na kan radiyan, ta ba shi lamba ƙasa da sifili. Haka ya rubuta, haka aji ya kwashe, tsani ya nutse cikin ƙasa kusan mita goma babu wanda ya ɗaga kai.

Labari ya iske Malam Ashiru a ofis. Bakin ƙofa ya je ya tsaya har Surayya ta fito.

"Ke mi kir rubuta?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, biyar nir rubuta da farko. Da nig ga na allo, sai nis soke nawa. Na ɗauka ni ce ban gane ba."

Ya ce ta gaida mutanen gida. Zangon da ya biyo baya ya koma Malisa noman gero, ajinsa kuma aka ba wa gayen nan.