Safiyar da Na Hana a Kai Ɗiyata Juji

Ko da tsufa zai kwashe mani komai daga kai, ba zai kwashe safiyar da na tare ƙofar ɗakina, da ɗanyen jego a jikina, na hana a fita da ɗiyata ba.

A wani ƙauye muke kusa da Ƙarfi. Kafin wannan haihuwar na binne 'ya'ya uku, babu wanda ya kai yaye. Tun daga na biyu sunana ya ɓace a gari, na koma "mai wabi", wato wadda 'ya'yanta ba sa zama. In na shiga gidan barka sai in ga mai jego ta ja zani ta rufe jaririnta. Ba ta ce mani komai ba, amma ai ni ba makauniya ba ce. Da tafiya ta yi tafiya, ni da kaina na fara ƙyamar hannuna.

Akwai abin da ake yi wa ɗan mai wabi a wajenmu. Ana ɗora shi a faifai a kai shi juji a ajiye kamar shara, sai wata tsohuwa ta je ta ɗauko ta ce tsintarsa ta yi. Daga nan uwa ba za ta nuna tana sonsa ba, wai don mutuwa ta ga ba a damu da shi ba, ta wuce. Haka aka yi wa ɗana na uku, na kuma bi duk abin da aka ce. Ban kira sunansa na yanka ba, ban yi masa tawai ba. In ya yi mani dariya sai in kau da kai, zuciyata kamar ta fashe. Ya rasu duk da haka. Wallahi rasuwar ba ta ci ni ba kamar sanin cewa yaron nan ya zo ya tafi bai ji kalma mai daɗi daga bakin uwarsa ba.

Ta huɗun da kaka na haife ta, ana tsakar karyar masara. Na fito daga wankan jego ke nan, jikina na tururi, sai na tarar surukata da ungozoma a ɗakina. Sun naɗe yarinyar a tsumma, ga faifai a ƙasa.

Daga inda nake tsaye ina hango jujin ta kan danga: toka, totuwar masara, kaji na ta tono. Na dube shi, na dubi fuskar yarinyar, sai wata tambaya ta faɗo mani a rai: wa za mu ruɗa? Wanda ya tsara yatsunta a cikin cikina, shi ne zai kasa gane ta don an ɗora ta kan shara? Sau nawa aka ce mani daga Allah muke, gare shi za mu koma, ina amsawa da baki kawai. Ran nan maganar ta shiga. Yarinyar nan tasa ce, waɗanda suka tafi nasa ne, ni ma tasa ce. Ba ni na kashe kowa ba, ba kuma zan iya raya kowa ba. Wani nauyi da na yi shekara da shekaru ina ɗauke da shi ya sauka, har sai da na dafa bango.

Na tare ƙofa, na ce, "Inna, a ajiye mani ɗiyata."

Surukata ta ɗago. "Ke, jegon ne ya taɓa maki kai? Taimakonki fa ake yi."

"Na gode, Inna. An taimake ni a kan wancan, yana ina yanzu?"

Ungozoma ta riƙe haɓa. "Oh ni! Yau ga rashin ta-ido. To in ta bi 'yan'uwanta, kada ki zo mana da kuka."

"In ta bi su, daga hannuna za ta tafi, ba daga juji ba."

Aka aika gona aka kira maigida. Ya zo da ƙaiƙayin masara a rigarsa, ya ja ni gefe. "Ki yi haƙuri a yi, me zai rage ki da shi?" Na ce masa, "Malam, ka san ban taɓa musu da Inna ba. Amma yau sai dai a ɗora ni a faifan nan tare da ita." Sai ya sunkuya ya ɗauke faifan ya mayar madafa. Surukata ta yi fushin da ko kunun kanwata ta daina dubawa, har aka yi suna ba ta amsa gaisuwata.

Ni kuwa na saki jiki na so ɗiyata a bainar jama'a. Na kira sunanta a tsakar gida, na yi mata kitso da lalle, na goya ta zuwa cirar auduga ina mata waƙa. Masu zunɗe suka yi har bakinsu ya gaji. Ta yi rarrafe, ta yi tafiya, na yaye ta, ta iya cewa Umma.

Kada ku zaci zan ce ta girma ta yi aure. A daminarta ta uku zazzaɓi ya kama ta, muka kai ta asibiti a Malumfashi, kwana ya ƙare. A wajen zaman gaisuwa na ji wata daga bayana tana cewa, "Da dai an bi na manya." Na juya, hawaye na zuba, na ce, "Baba, kwananta ta ci, ba ta bar ko ɗaya ba. Kuma duk ta ci su tana sane ana sonta."

Na yi kuka sosai, amma kukan uwa na yi, ba na mai laifi ba. Daga baya Allah ya ba ni wasu, suna nan raye, sai dai ba su suka warkar da ni ba. Na riga na warke.

Abin da na koya shi ne, rai da ajali ba a hannuna suke ba, kuma ba a yi wa Mai su dabara. Abin da aka bar mani a hannu shi ne in so abin da aka ba ni tun yana nan, kuma babu mahalukin da zai sake hana ni.