Rawar Asabar a Falona

A shekara ta biyu da zuwanmu Kuala Lumpur, falon gidana ya daina zama nawa ranar Asabar daga ƙarfe goma na safe zuwa azahar. Nakan ɗauki littafi da lema in sauko daga hawa na tara a Sri Petaling, in tsallaka titi zuwa shagon mamak, inda Indiyawa Musulmi ke sayar da shayi da gurasa, in zauna har sai matata ta kira ta ce an tashi. Abin da ake yi a falon a wannan lokaci shi ne rawar ƙugu ta Larabawa, wadda aka fi sani da rawar ciki. Mata tara ne ke yin ta, da wata tsohuwa 'yar Masar da ke koya musu. Na zo ƙasar nan ina da shekara arba'in da takwas domin digiri na uku a fannin adana tsofaffin takardu, kuma da a ce ranar da na sauka wani ya gaya mini cewa a kan rawa zan ɓata da mutanena, da na ce bai san ni ba.

Matata ta haɗu da tsohuwar ne a wani kantin Larabawa a Bukit Bintang, wajen sayen busasshen lalo. Ƙulli ɗaya ya rage, kowacce ta kai hannu, suka kalli juna suka yi dariya, daga ƙarshe suka raba shi biyu a bakin ƙofa. Matata ta karanta Larabci a kwaleji, don haka hira ba ta yi musu wuya ba. Tsohuwar ta biyo ɗanta ne, wanda ke dafa abinci a wani otal. Ta ce rawar nan a wurin kakarta ta koya, a tsakar gida, inda mata ke yi wa junansu ranar suna ko ranar lalle, da tufafinsu na zaman gida. Ta ce yanzu ta duba ta ga rawar ta rabu gida biyu, kuma ba ta gane ko ɗaya ba: ko dai yarinya ce da ɗan guntun tufafi tana zagaya teburan maza masu shan shisha, ko kuwa mata ne a ɗakin motsa jiki suna ƙidaya ɗaya, biyu, uku a gaban madubi don su rage teɓa. Ta taɓa koyarwa a irin wannan ɗaki, ta bari da mai wurin ya nace sai an ɗauki hotonsu don talla. Tun daga nan ba ta da inda za ta koya wa kowa, ga shekaru sun ja, ga gwiwa ta fara ciwo.

Da matata ta roƙe ni falon, ban amsa nan take ba. Na yi kwana uku ina juya maganar, na kuma duba abin da na iya dubawa na bayanan malamai a kan wasan mata a tsakanin mata. Ban sami abin da zai sa in hana ba, sai wata damuwa da na kasa gane tushenta. Na kuma lura cewa matar da ta ajiye aikin koyarwa ta baro danginta ta biyo ni, take wuni a ɗaki tana jiran in dawo daga ɗakin karatu, wannan ne abu na farko da ta nema don kanta. Na ce to.

Sharuɗɗan tsohuwar huɗu ne. Ba madubi, domin a cewarta mai kallon kanta ba ta jin ganga. Ba namiji. Ba waya, kowace mace tana ajiye tata a wani kwando a bakin ƙofa. Na huɗun shi ne ba 'yar kallo. Duk wadda ta shigo sai ta ɗaura gyale a ƙugu ta shiga fili, ko da ƙafa ɗaya za ta ɗaga. Kiɗan ma da hannunta take yi, a kan wata 'yar ganga da take ɗorawa a cinya.

Sharaɗin wayar ne ya tsaya mini a rai, saboda sana'ata. Wata Asabar muka yi kiciɓis da ita a bakin lif, tana fitowa ina shiga, na tsaya na gaishe ta da ɗan Larabcina na masallaci. Na ce mata tunda tana tsoron rawar ta ɓace, me zai hana a ɗauke ta a bidiyo, mataki-mataki, a adana, na san yadda ake yi ba tare da ya faɗa hannun kowa ba. Ta dube ni kamar yadda ake duban ɗalibi mai ƙoƙari da ya ba da amsar wata tambaya dabam.

"Ɗana," ta ce, "idan ta shiga waya, gobe namiji ne zai kalla, jibi kuma a koyar da ita yadda namiji ke son gani. Haka aka yi mata a ƙasarmu. Ka bar ta a jikin mata."

Ban gamsu ba, amma na shige lif na sauka.

Ba a jima ba 'yan'uwanmu 'yan Arewa suka lura da zamana a shagon mamak. Da farko zolaya ce: ko Hajiya ta koro ni, ko na fasa kofin shayinta. Huɗu daga cikin matan tara matan ɗalibai 'yan Arewa ne, kuma wata a cikinsu ta faɗa wa mijinta sunan rawar kamar yadda ake faɗarsa da Turanci. Shi ke nan. Kafin mako ya zagayo, magana ta shiga ko'ina cewa ana rawar otal a gidan Malam, wani matashi a kwamitin ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna garin ya laƙaba mini Dakta mai gadin rawa.

Shugaban ƙungiyar dattijo ne, malamin jami'a da ya daɗe a nan. Shi ya tarbe mu a filin jirgi, a gidansa muka yi makonmu biyu na farko, kuma shi ya ba ni ajin Lahadi, inda nake koya wa yaranmu karatun Hausa, domin da yawansu kana yi musu magana da Hausa suna amsawa da Turanci ko Malay. Ina ganin girmansa, har yau kuma ban daina ba. Ya gayyace ni cin abinci a unguwar Brickfields tare da mutum biyu na kwamiti, har da matashin. Sai da muka ci shinkafa a kan ganyen ayaba muka wanke hannu sannan ya buɗe maganar, cikin ladabi ƙwarai.

"Malam, ba mu ce ana ɓarna a gidanka ba. Amma sunanmu ɗaya ne a garin nan. A ɗauko mana minti biyu kawai a waya, mu uku mu gani, mu rufe bakin mutane."

Dole in faɗi gaskiya: shawarar ta yi mini daɗi. A cikin jirgin ƙasa ina dawowa, na ga ta warware mini komai. Za a wanke ni, ajina zai tsira, ga kuma bidiyon da tun farko nake so a yi. Na iso gida na tarar da matata tana gyaran wake a faranti, na jera mata hujjoji kamar mai kare babin bincike. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Baban yara, wa za a ɗauka? Ni, ko matan mutane?"

Na shiga ɗaki na zauna, sai ga wani abu da na daɗe ban bari ya zo mini ba. Mahaifiyata gwanar kiɗan ƙwarya ce. Ba sana'a ba ce, amma babu bikin da za a yi a layinmu ba a aiko a kira ta ba. Za ta cika babbar ƙwarya da ruwa, ta kifa ƙarama a kai, mata su kewaye ta. Ina shekara ta biyu a jami'a, na dawo hutu ana bikin ƙanwata, kaina cike da littattafai uku da na karanta, na leƙa cikin gida na ce a daina wannan abu, bai dace ba. A gaban ƙawayenta na faɗa. Ta ɗauki ƙwaryar ta zubar da ruwan a gindin bishiyar lemo, kuma ban sake jin ta kaɗa ba har ta rasu. Daga baya, bayan na zama mai adana tarihi, na bi ƙawayenta da na'urar ɗaukar murya. Wasu sun rasu, wasu sun manta, ɗaya kuwa ta ce tunda ni na hana, me zan yi da shi yanzu. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa rashin na'ura ne ya kashe waƙoƙin nan. A ranar na yarda cewa namijin da ya leƙo ƙofa ne ya kashe su, kuma ga shi ana neman in sake leƙawa, in kuma jawo wasu uku.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, na sami shugaban da mutanen kwamitin a harabar masallaci. Na ce wa shugaban na gode da mutuncin da ya yi mini, amma ba za a ɗauki komai ba.

"Ranka ya daɗe, ni mai gidan ban taɓa gani ba, kuma ba zan nema ba. Ban ga yadda maza uku za su zauna su kalli matata tana rawa don su tabbatar tana da kunya ba."

Mutum ne mai adalci, kuma na ga maganar ta shige shi. Sai ya kawo wata mafita: a tura mata biyu, har da tasa matar, su je su zauna su gani su kawo bayani. Na ce ƙofa a buɗe take ga kowace mace, sai dai ba a zama a ɗakin. Duk wadda ta shiga sai ta ɗaura gyale ta taka. Ya tambaye ni, wato uwar 'ya'yansa shida ce za ta ɗaura gyale? Na ce haka dokar take, ba ni na kafa ta ba, kuma ba zan roƙi a karya ta ba. Nan matashin ya shiga bayyana yadda ake rawar, da irin tufafin da irin jujjuyawar, dalla-dalla. Na tambaye shi a ina ya gani haka. Jama'a suka yi dariya, ya sunkuyar da kai. Wannan tambayar ita ce abu ɗaya da nake nadama a ranar. Na ci nasara da ita, amma kunyata shi na yi a bainar jama'a, kuma ba shi ne ya kawo ni wurin ba.

Abin da ya biyo baya bai zo da hayaniya ba. Uku daga matan ɗaliban suka daina zuwa. Ajin Lahadi ya riƙa raguwa, wannan yaron an ce yana da darasi, wancan an ce nisa ya yi yawa, har ranar da na zauna ni kaɗai da allo na tsawon awa guda, na kulle ɗakin na mayar da makulli. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna, domin akwai yarinyar da ta fara karanta shafi guda ba tare da ta tsaya ba. Gaisuwa ta gajarce. Da Salla ta zo, ba a kira mu cin abinci gidan shugaban ba, muka yi tuwonmu muka ci.

Na sha tuhumar kaina. Wataƙila taurin kai ne na mai shekara hamsin da ba ya son yara su ba shi umarni. Wataƙila haƙƙin mahaifiyata nake ƙoƙarin saukewa, yaran ajin Lahadi suke ɗaukar nauyin. Ban ce mazan da suka hana matansu zuwa mugaye ba ne. Abin da suka sani da wannan suna shi ne abin da ake nunawa a wuraren shan shisha na Bukit Bintang, kuma da shi kaɗai na sani, da ni ma na hana. Amma duk lokacin da na bi tuhumar har ƙarshenta, wuri ɗaya nake isowa. An ce in zaɓa tsakanin in rufe wa matan ƙofar ko in buɗe ta ga idon maza, ni kuwa ba zan yi ko ɗaya ba. Na tambayi matata ko tana so a dakata har ƙura ta lafa, ta ce in na gaji da shayin mamak in faɗa, amma ita ba ta gaji ba.

Yanzu mata shida ne. Yatsun tsohuwar sun fara sanƙarewa, saboda haka rabin lokacin matata ce ke riƙe gangar, ita kuma tana gyara mata daga kan kujera. Karatuna zai ƙare baɗi in Allah ya yarda, za mu koma gida, inda ƙanena ke kula da ginin da muke yi. Makon jiya matata ta dubi zanen ginin ta ce falon ciki ya yi ƙanƙanta, mace shida ba za su iya buɗe hannu a ciki ba. Na kira ƙanena na ce ya gaya wa magini kada ya ɗora bangon da zai raba falon da ɗakin baƙi, a bar su a haɗe, a kuma sa ƙofa mai sakata ta ciki. Ya ce Yaya, wannan babban fili haka me za a yi da shi, ko makaranta za a buɗe? Na ce masa rawa za a riƙa yi a ciki, kuma idan wani ya tambaye shi, ya faɗa masa haka.