Malama Saratu da Kayan Madafina

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai Malama Saratu garinsu Zuru aka rufe ta. Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Ɗiyata Nana ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Duk Kalgo an sani, in na ɗauko labari ba mai tashi sai na dire.

Ni aure ya kawo ni daga Gwandu, ita aiki ya kawo ta, koyar da Turanci a firamare. Ta kama hayar ɗakin da ke kusa da zaurenmu. Kirista ce. Ran Lahadi ta ci ado ta tafi coci, da azumi kuma ita ke taya ni dama kunu, tana mini tsiya wai hannuna ya cika tsamiya.

Koyarwarta ba ta bar madafina ya huta ba. In za ta koya wa yara kalma da akasinta, kayana take kwasa. Yau ƙwarya babba da ƙarama, gobe muciya da ludayi don dogo da gajere, jibi tulu cikakke da wanda ba kome cikinsa. Na sha neman tukunya in ji tana makaranta. In na yi faɗa sai ta ce, "Yi haƙuri, Yaya Tumba, tukunyarki ta kusa zama malama." Har yau ina riƙe da bik da sumol, wato babba da ƙarami, ba wanda zai zage ni da su.

Amma ba ta yarda yaro ya tsaya ga hadda. Sai ya sa kalmar cikin jimla, jimlar kuma ta kasance abin da ya gani da idonsa. In yaro ya rubuta wane mugu ne, sai ta tambaye shi abin da wanen ya yi masa. In ba amsa, ya goge. Nana shaida ce, a hannunta ta yi karatu.

Ga abin da ya tayar mini da hankali. Makon jiya jikata Ummi ta zauna gindin turmi tana rera kalmomin Turanci bibbiyu kamar waƙar gaɗa. Na ce ta fassara mini, kada a sayar da ni ina zaune. Ta yi ta yi har ta kai kan aboki da maƙiyi. An ce su yi jimla da kowanne. Ta farko, Zainabu ƙawarta ce. Ta biyu, masu zuwa coci maƙiyanmu ne.

Bulus, ɗan Malama, yana nan a ɗakin uwarsa. Ma'aikacin jinya ne, shi ke auna mini jini. A bayan nan nawa na goya shi.

Na ce, "Ke Ummi, me suka yi miki?"

Ta turo baki ta ce haka yara ke faɗa a hanya, kuma ai an ba ta maki, Turancin daidai ne.

Tun ranar nake tunanin abin da Malama za ta yi da ta ga wannan makin. Ba za ta ɗaga murya ba, na san ta. Za ta ja kujera ta zauna kusa da yarinyar. Abin da nake tsoro shi ne kada ta juyo ta dube ni, ta tambaye ni ina nake har aka koya wa jikata wannan a ƙofar gidana.

Me ya rage na Malama? Ƙwaryoyin sun fashe tuni. Turancin Nana ya ba ta aiki. Sai kuma tambayar nan tata ta me ya yi maka, ita ce gadon da na samu, ba ta kuwa bukatar boko.

Ummi ta goge jimlar, har takardar ta huje. Amma yau da safe ta wuce Bulus yana wanke babur, ba ta gaishe shi ba. Shi ya ce mata ina kwana. In ta dawo daga makaranta zan sake tambayarta me ya yi mata.