Murhun Lalla da Rairayi Ya Haɗiye

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Lalle daga Dakoro a amalanke ya san gonar Nagoggo, domin ita kaɗai ce a yankin babu ko itace ɗaya da jaki zai fake a inuwarsa. Fako ne ja, mai tauri kamar daɓen ɗaki. Baƙo yakan ce mai gonar malalaci ne. To, baƙo ne, a yi masa uzuri. Babu manomin da ya kai Nagoggo shan wahala a gona, sai dai shi wahalarsa ta kashe gonar ce, kuma da gangan ya yi.

Sunansa dai Nagoggo, amma ɗan innarsa ne na gaske. Sunanta Lalla. A gidan gona ta haife shi, can yamma da wannan fako, inda mijinta Rabo ya kafa bukkoki biyu da rumbu, ya kewaye da dangar kara. Da babbar yunwar nan ta zo, wadda ta kwashe shanu ta watsa garuruwa, sai suka kulle 'yan komatsansu suka gangara Najeriya neman abin sawa a baki. A can Rabo ya rasu. Bayan 'yan shekaru Lalla ta komo da ɗanta ya zama saurayi, suka tarar babu bukka, babu danga, ko aduwar ƙofar gida an sare. Gero ne kawai ya yi kore shar a wurin, geron Alhaji Sharfaddeen.

Alhajin nan maƙwabcinsu ne na gona, ɗan kasuwar hatsi mai kai da kawo tsakanin Maraɗi da Najeriya. A shekarun yunwa babu gidan da bai ci tiyar hatsinsa ba. Shi ya sa ranar da Lalla ta kai ƙara aka taru a gonar a gaban maigari, dattawan da suka sha furar Lalla a wannan gida duk suka sadda kai ƙasa, sai ka ce allura suka yar.

Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Ranka shi daɗe, ni daji na iske na sassabe. In gida anka yi nan, ai gida ba shi rasa murhu. Ta gwada mini murhunta, in bar mata wurin, Allah shina shaida."

Lalla ta ce, "Murhuna ba shi ɓata. Duwatsu biyu na, na ukkunsu ɓarin dutsen niƙan innata da munka taho da shi daga Bader Goula."

A ƙasar rairayi dutse ba abin banza ba ne, kowace mace ta san nata kamar yadda ta san 'ya'yanta. Sai dai iskar shekarun fari ta riga ta shafe wurin, ta mayar da shi bai ɗaya. Lalla ta durƙusa da sakaina tana tono. Ta tona nan, ta koma can, rana na dukanta, rairayi na komawa cikin ramin tun ba ta ɗaga hannu ba. Alhaji yana tsaye yana dariya, har da ba ta shawarar ta gwada wajen gindin sabara. Can ta matsa wani wuri, ta tona har hannunta ya nutse kusan zuwa gwiwar hannu. Nan take dariyar Alhaji ta ɗauke. Ya taka ya zo ya ture ƙasa cikin ramin da ƙafarsa, ya ce, "Ya isa hakanan, baiwar Allah, kada ki kashe mini gero."

Maigari ya ce a yi haƙuri, ya yanka musu tudun da ke gabas don ya share musu hawaye. Yara suka laƙa wa Lalla suna Mai-tono. Ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa biki, ba ta daɗe ba ta bi mijinta. Nagoggo bai yi kuka a bainar jama'a ba. Ya dai tsani Alhaji Sharfaddeen, tsana mai sanyi wadda ba ta hana shi gaishe shi a masallaci.

Ba shi da kuɗin shari'a, ba shi da dangi, amma yana da gabas. Kowa a Dakoro ya san iskar da ke zuwa gaban hadarin farkon damina daga gabas take tasowa, ta kwashi rairayi ta yanke ƙananan shuka ta binne su. Shi ya sa manomi yake barin karan gero kwance a gona, ya dasa aguwa a kan iyaka, don su riƙe masa ƙasa. Nagoggo sai ya yi akasin haka. Ana gama girbi yake kwashe kara tas ya ƙone. Ya tumɓuke aguwar iyakarsa ta yamma. Da aka zo da sassaben zamani, kowa yana barin tohon kalgo da sabara su girma, shi har saiwarsu yake bi da gatari. Da rani kuma ya bi gonar da hauya ya sassauta ta, don kada iska ta sha wuya.

Kuma ba ta sha ba. Hadari na haɗowa sai ya hau tudunsa ya zauna, yana kallon ƙasarsa tana tashi ja wur tana sauka a kan shukar Alhaji. Washegari ya ga barorin Alhaji sun fito da sungumi za su sake shuka, wata shekarar har sau uku. Ranar yakan ci tuwo da yawa.

Matarsa Suwaiba, wadda ita ke auna abin da ke cikin rumbu, takan ce, "Malam, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Dubi damman bana, ko rabin na bara ba su kai ba."

Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Rama cuta ga macuci ibada ce."

Ibadar ta yi tsawo. Alhaji ba wawa ba ne, ya sa aka shimfiɗa kara a gonar, aka dasa aguwa layi layi, duk abin da iska ta kawo ya zauna. A hankali gonar ta yi tozo, aguwar farko ta nutse aka dasa wata a kanta, geron wurin ya koma fin na kowa tsawo. Ashe kitsen gonarsa Nagoggo yake aika wa maƙiyinsa kyauta. Mutane sun gani, suna dariya a bayan idonsa, shi ma ya gani. Amma mutum in ya zuba ƙuruciyarsa a abu, da wuya ya yarda ya tashi a tutar babu. 'Ya'yansa maza suka gaji da noman fako suka tafi ci-rani, gemunsa ya yi fari, bai fasa ba.

Sai ga daminar nan mai ruwa da yawa ta 'yan shekarun baya. Jigawa tana shan ruwa, fako kuwa ba ya sha. Ruwan da ya sauka a tudun Nagoggo bai sami inda zai shiga ba, ya taru ya gangara yamma da ƙarfinsa, ya tsaga gonar Alhaji gida biyu. Da aka ɗauke ruwa da hantsi, Nagoggo ya sauka cikin kwazazzabon don ya more wa idonsa, Suwaiba na biye da shi tana salati.

Bangon ramin ya fi shi tsawo, kuma ƙasar hawa hawa take. Daga sama jar ƙasa ce mai kauri, da ruɓaɓɓen kara a jere, da guntayen leda, da wani tsohon takalmin roba. Bai buƙaci a gaya masa ba, ƙasar tudunsa ce. Daga ƙarƙashinta leda ta ƙare, sai farin rairayin shekarun yunwa, wanda kaurinsa bai fi kamu ɗaya ba. A gindin farin sai ga baƙin layi na toka, da duwatsu biyu sun leƙo, da na ukunsu mai santsi da kwarmi a tsakiya. Can ƙasa kuma akwai fasassun tukwane na waɗansu mutanen da ba wanda ya san sunansu, waɗanda su ma wata rana sun ce wurin nasu ne.

Amma abin da ya durƙusar da shi daban ne. A cikin farin rairayin, daidai saman dutsen niƙan, akwai sawun wani ɗan rami da ƙasa mai duhu ta cike. Tsakanin gindinsa da dutsen bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Ramin Lalla ne na ƙarshe, wanda Alhaji ya ture da ƙafa. Ashe ya san inda murhun yake, ya bar ta tana tonon banza yana dariya, sai da ta kusa ya tsayar da ita.

Suwaiba ta dubi jar ƙasar da ke sama ta ce a hankali, "Kamu ɗaya Allah ya rufe shi, Malam. Sauran duk kai ka zuba."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce, ya kuwa ji kunyar innarsa har cikin ƙashi. Sai dai kunyar ba ta kashe wutar ba, ƙara mata itace ta yi. Bai taɓa duwatsun ba. Ya aika aka kira maigari, ɗan wancan na dā, aka kira tsofaffin da suka rage. Aka ɗauko Alhaji Sharfaddeen a amalanke, ya tsufa tukuf, ido ya tafi, amma hankali na nan garau. Nagoggo da kansa ya goya shi ya sauka da shi cikin ramin, ya kama hannunsa ya ɗora a kan dutsen niƙan.

"Alhaji, ka ce a gwada maka murhu. Ga shi. Shafa da kyau."

Tsofaffin nan da suka yi shiru a wancan karo yanzu kowa bakinsa ya buɗe, kowa ya tuna rantsuwar Alhaji. Maigari ya ce gona ta koma ga mai ita. Alhaji bai musa ba. Hannunsa na kan dutsen, ya ce, "Nagoggo, ɗana, ƙafata guda na cikin kabari. Don Allah ka yahe mini."

Jama'a suka ce a yafe, a yafe, Allah na son mai yafiya. Nagoggo ya bari sai da suka yi shiru.

"Ni mi ka yi mini? Ba ni ka yi ma dariya ba. Wadda ka yi ma tana maƙabartar gabas, ƙasa ta ruhe ta." Ya ciro wata sakaina daga aljihunsa ya danƙa a hannun tsohon, ya naɗe masa yatsu a kanta. "Ungo. Tahi ka tono ta ka roƙe ta. Ni ba ni tsai da kai."

Ya ciccibi dutsen niƙan ya aza a ka, Suwaiba ta ɗauki sauran biyun, suka hau suka bar Alhaji zaune a cikin ramin da sakaina a hannu.