Ƙwaron da Ya Ƙi Tsayawa Hoto

Shekara talatin Mai Hoto ya yi a shagonsa yana ɗaukar fuskokin mutane, labule shuɗi a baya, kujera mai ɗingishi a gaba. Bai taɓa ɗaukar abin da ya gaza kan jariri ba, sai ranar da ƙanin matarsa, mai lambun tumatir, ya faɗo da kwalba a hannu.

"Yaya, ga baƙo. Ya cika mini lambu, ganye duk ya lalace. Malamin gona ya ce in tura hotonsa kafin in yi feshi, wayata kuwa ɗigon tawada take nunawa."

Aka juye ƙwaron a kan tebur, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Mai Hoto na da kaya biyu a aljihun tebur, tun da ya saya bai waiwaye su ba. Na farko gilashi ne da ake murɗawa a gaban idon kyamara, kamar an sa mata tabarau. Nan take ya ɗaura, haske bai ragu ba, ya ƙyasta. Tsakiya ta fito, amma gefe ya yi dishi-dishi, ƙafafun suka zama hayaƙi.

"Yaya, kai ne ba ka gani, ko kyamarar?"

Na biyu zobe ne fanko, ba gilashi a cikinsa, ana sa shi tsakanin kyamara da idonta. Shi ba ya dagula hoto, sai dai shan haske gare shi, kuma dole ka matso kamar za ka sumbaci ƙwaron. Mai Hoto ya jawo fitila biyu, ya durƙusa, gwiwa na ƙara.

"Kar ka motsa! Ɗago haɓa kaɗan!" ya daka wa ƙwaron tsawa, don baki ya saba. Iskar bakinsa ta yi gaba da baƙon. Sai ga gardawa biyu suna rarrafe ƙarƙashin tebur.

A haka matarsa ta same su, kwanon abinci a hannu. "Ku sa shi a firji minti biyar mana. Kai ma in sanyi ya kama ka ai zama kake."

Aka gano shi, aka yi yadda ta ce. Ƙwaro ya natsu kamar mai neman biza. Mai Hoto ya riƙe numfashi, ya ƙyasta. Har gashin ƙafa sai da ya fito. Nan take aka tura wa malamin gona hoton.

Ba su gama cin abinci ba malamin gona ya kira. "Kar ka kuskura ka yi feshi! Wannan shi ke cinye masu cin ganyen. Ma'aikacinka ne."

Ƙanin ya ajiye cokali, ya mayar da ƙwaron kwalba, ya cusa ta cikin riga don ya ji ɗumi, ya nufi lambu yana cewa, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe."