Inda Fuskarsa Take Kallo

Ina fuskar mijina take kallo a kabarinsa? Na tambayi 'yan boko, na tambayi malamai, har yau babu wanda ya ba ni amsar da zan kwana da ita. Ni ban iya rubutu ba. Jikana nake faɗa wa yana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina sai ya ajiye biro ya jira ni.

Mijina na fari nake nufi. Lokacin yaƙin Bama, wanda Turawa suka yi can ƙetaren teku, aka ce kowane dagaci ya kawo mazaje, aka ɗauke shi daga ƙauyenmu na wajen Mai'adua, gero ya fara fitar da kai, ni kuma ina da cikin fari. Bai dawo ba. Bayan yaƙi saƙo ya zo ta bakin dagaci cewa ya rasu. Ba a ce ga rana ba, ba a ce ga wuri ba. Na yi takaba, na raini ɗansa, daga baya na yi wani aure a cikin Daura. Na biyun ma Allah Ya yi masa rasuwa, amma shi na san an yi masa wanka, an sallace shi, an kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar alƙibla. Na farin kuwa ban taɓa buɗe baki na tambaya ba. Mace tana gidan wani ba ta tambayar makwancin mijinta na da.

Jikan nan nawa sunan kakansa, mijina na fari, aka sa masa, don haka bakina bai taɓa kama sunansa ba, Maigida nake ce masa. Malamin makaranta ne a Katsina, da matarsa da 'ya'yansa. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba ya zo hutu, ya zauna bakin tabarmata da wani hoto a hannu.

"Tsohuwa, na kusa gano miki saurayinki."

"Wanne daga ciki? Kai ma ai har yanzu ba ka kawo lefe ba."

Bai yi dariya ba, sai na gyara zama. Ya ce Turawa sun ajiye sunayen sojojin da suka mutu a yaƙin nan, ana dubawa a kwamfuta. Hoton na wata maƙabarta ce kamar lambu, an aske ciyawa, ga duwatsu a jere kowanne da rubutu. Mu nan fasasshen tulu muke sa wa kabari, damina biyu ya baje. Ya ce damuwar ita ce soja ba su rubuta sunan uba, sunan mutum da na garinsu kawai suke haɗawa. Masu sunan mijina da Daura a bayansa ba ɗaya ba ne. Ɗaya yana da dutse. Sauran kuwa, sunayensu kawai aka sassaƙa a jikin bango, don ba a ga gawarsu ba. Lambar soja ce za ta raba, ni kuwa ko jin ta ban taɓa yi ba.

A ofishin 'yan mazan jiya aka kwatanta masa wani tsoho a Zango, wanda suka tafi yaƙin tare da mijina. Muka shiga motar haya muka je. Mun same shi a zaure, idonsa ya tafi, amma kansa garau. Maigida ya faɗi suna da ƙauye.

"Mai wushirya? Wanda ba ya cin kifi?" in ji tsohon.

Na rufe fuska da mayafi. Shi ne.

Ya ce su masu ɗaukar kaya a ka ne, suna bin sojoji cikin kurmi. A bakin wani kogi harsashi ya sami mijina da yamma, kafin duhu ya cika. Su huɗu, duk mutanen ƙasar Daura, suka yi masa wanka da ruwan kogin, suka naɗe shi a bargon soja, suka sallace shi. Ina jin haka na yi hamdala. Na ce, "Allah Ya saka maka, Malam."

"Ai ba mu yi masa gaggawa ba, baiwar Allah. Kurmin nan ba ka gane gabas da yamma. Sai da muka jira rana ta fito, muka daidaita ramin, muka sa fuskarsa tana kallon ta sak."

Maigida ya ɗago. "Baba, wajen fitowar rana?"

"To, ina kuma?"

"Babu wanda ya ce muku a can alƙibla tana yamma?"

Tsohon ya yi tsaki. "Limamin bataliya ya faɗa. Muka ce jirgin ruwa ne ya juya masa kai. Yaro, tun kakanninmu wa ya taɓa ba fitowar rana baya ya ta da salla? 'Yan birni suka bi shi, mu muka riƙe tamu."

Muka ba tsohon goro muka yi sallama.

Da muka dawo gida na ce ya faɗa min gaskiya. Ya ɗauki tsakuwa uku ya jera a ƙasa. Ta farko Daura, ta tsakiya Makka, ta ƙarshe Bama. Ya ce sun wuce Makka can gaba. Na daɗe ina kallon tsakuwar nan. Da sun bi limaminsu, da yana kallon Ka'aba, ni ma yana kallo na daga bayanta. Yadda suka kwantar da shi kuwa, ya ba mu baya mu duka.

Maigida ya ce kada na yanke. Wai bayan yaƙi an bi daji an kwaso gawarwakin da aka iya samu, an sake binne su a maƙabartar hoton nan. In mai dutsen shi ne, an taso shi daga bakin kogi. Sai dai hoton bai nuna inda rana take fitowa ba, ba mu kuma san wanda ya sake kwantar da shi ba, ko ya san damansa da hagunsa. In kuwa yana cikin na bango, yana nan inda mutanensa suka bar shi.

Limamin unguwarmu ya ce Allah niyya yake dubawa, babu laifi a kan mamaci ko masu binne shi. Na yarda, ban kuma taɓa jin haushin tsohon Zango ba, Allah Ya jiƙansa, hannunsa ne ya wanke min miji. Amma duk sanda na shimfiɗa buzun salla sai abin ya dawo.

Ranar da za su tafi yaƙin, na bi mijina har gindin kukar bayan gari, riƙe da ƙullin ƙuli-ƙuli. Mutane sun cika wurin, kunya ta hana ni ɗaga kai, ban ko kalli fuskarsa ba. Ya karɓi ƙullin, ya rage murya.

"Koma gida haka nan, rana ta yi zafi. An ce gabas za a kai mu. In kin tsaya salla, ina nan gabanki."